Nas Ɗin da Ta Hana Ni Makantar da Jikata

Ƙarfe bakwai na safe take shiga ɗakin bakwaini, ta wanke hannu har gwiwa, ta bi kwalaben jariran ɗaya bayan ɗaya tana karanta kati: wata nawa aka haife shi, nauyinsa nawa, kwana nawa ya yi da robar iska a hanci. Wanda ya zo da wuri sosai ko ya cika ƙanƙanta, sai ta ja masa jan layi, wato sai an duba idonsa. Shekara ashirin da shida tana wannan, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Anti Naci ake ce mata, kuma ni na laƙaba mata sunan.

Ba lambar wayar uwa kaɗai take karɓa ba. Sai ta ce, "Ina kakar? Tata nake so. Kaka ce ke hana dawowa." A gabana fa!

Jikata bakwaini ce, tafin hannuna ya kusa rufe ta. Kafin a sallame mu aka duba idonta, aka buɗe shi da wani ɗan ƙarfe, tana tsala ihu. Aka ce mu dawo bayan sati biyu. Na ce ba da ni ba. Na cusa katin cikin rigar matashi, na ce wa surukata ya ɓace.

Sau tara Anti Naci ta kira ni. Har na gaya wa maƙwabta ai ɗana take so, shi ya sa take nacin. Ranar Laraba da tsakar rana sai ga ta a ƙofa da farin kayanta.

"Mama, ina katin?"

"Ɓera ya cinye."

"To ɓeran bai ci nawa ba. Ɗauko jaririyar."

"Ke 'yar nan, dubi ido garau!"

"Gabansa kike gani, Mama. Ciwon can ciki yake. Jijiyoyin ba su gama tsirowa ba aka haife ta, in suka tsiro a karkace sai su lalata gani. Ba ja, ba kwantsa. Ranar da kika lura, an gama."

Na bi ta ina gunaguni. Likitan ido ya ɗiga magani, ya ɗaura fitila a goshi, ya leƙa. Sannan ya ce, "Da kun ƙara sati guda..." Bai ƙarasa ba. Jama'a, ashe ciwon ya riga ya kama idanun! Duka biyun! Washegari aka yi wa jikata aikin ido da na'urar haske.

Anti Naci, ke ce kika sha zagina kika dawo. Ke ce kika bi layinmu da ƙafa kina tambayar gida, ba wanda ya aike ki. Mai jan biro, mai ƙwato ido! Zancen ɗana ƙarya na yi, na janye a gaban kowa. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Nas-nas masu tasowa, ku koyi nacinta. Kakanni 'yan'uwana, in an ce a dawo, a dawo.

Yau jikata shekararta huɗu, da ɗan tabarau. Jiya daga can bakin ƙofa ta hango ni ina satar zuba sukarin da likita ya hana ni, ta ruga ta gaya wa ubanta. Na sha faɗa, kuma wallahi kukan daɗi na yi.