Teburin Yaya Mamman da Tsohon Lyon

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Mamman. Duk mai sayayya a layinmu na Aubervilliers ya san shi: dogon Badamagaren nan mai depo na atamfa da takalma, wanda ba ya dariya sai da dalili. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya kawo ni Faransa, kuma tare muka tsaya a depo har ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Na so in rubuta alherinsa kawai, amma duk sanda na tuna shi, teburin nan ke fara faɗo mini a rai.

Teburin sunuka ne irin na Ingila, mai ƙafa takwas, na wasan nan da ake tura ƙwallaye cikin rami da sanda. A Lyon ya saye shi, lokacin da wani tsohon kulob zai rufe. Bai ma iya wasan ba, katakon ne ya tafi da hankalinsa. Gidansa na Stains ba zai ɗauke shi ba, sai ya ajiye shi wurin wani tsohon Bafaranshe mai gyaran irin waɗannan tebura, Musye Armand. Daga nan kusan kowace Asabar Yaya yana jirgin Lyon, ni ina tsaron depo. In ya dawo ba ka jin komai sai "Armand ya ce". Sun kwance robar gefe, sun auna kaurin dutsen da ke ƙarƙashin koren ƙyallen, wai suna neman shekarun teburin. Ko sau ɗaya bai ce mini in zo mu je ba.

Da aka zo rabon gado, matarsa Hajiya Rabi da 'ya'yansa mata biyu sun sa rai ƙwarai, don Yaya ya sha faɗa a gida cewa teburin ya girmi kakanmu. Ni aka tura Lyon in jiyo kimarsa.

Tsohon ya sa na durƙusa, ya haska mini ƙarƙashin teburin da tocila.

"Ƙafafun tsofaffi ne," in ji shi, "amma jikin daga baya aka haɗa. Tagullar nan mai sunan maƙeri daga wani tebur aka ciro ta, dubi ramukan ƙusar. Ba zai yi tsada ba."

"Yayana ya sani?"

"Tun shekarar farko. Shi ya gano ramukan. Ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa."

Ban taɓa ganin Yaya ya yi irin wannan dariyar ba. Kuma in ya sani tun farko, me yake zuwa nema a Lyon shekara da shekaru? Ban tambaya ba, tsohon ya ba ni amsa. Shayi suke sha, Yaya yana ba shi labarin babanmu, da kewar Damagaram, da tsoron da yake ji kada depo ya durƙushe. Ni da ke gefensa kullum, lissafin kaya kawai yake yi da ni.

Na kai wa Hajiya Rabi labari yadda yake. Ta ce a sayar. Wani kulob na matasa ya ɗauka.

Yau mutum na ɗaukar hoton tsohon kaya da waya, nan take a faɗa masa shekaru da farashi. Na san Yaya zai taɓe baki, ya ce waya ba ta durƙusawa ta leƙa ƙasa. Nakan ce da a zamaninsa aka yi wannan, da Asabar ɗinsa ta zama tawa. Amma na san ba haka ba ne.

Depo yana nan, 'ya'yansa sun yi aure, sunansa bai ɓaci a kasuwa ba. Wannan rabona ne, na kuma gode. Sauran Mamman ɗin yana wurin tsohon da bai iya ko gaisuwar Hausa ba. Kowace shekara, ranar rasuwar, yakan kira ni da sassafe. Ina niyyar in riga shi, don ya san wane ne ɗan'uwan mamacin. Bana ma ya riga ni.