Mutumin da ya nace a rubuta sunansa

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Malam Mu'azu, muhutin kotun Jibiya, wato mataimakin alƙali. Bana ma ba wanda ya tuna sai ni da 'yarsa guda da ke aure a Daddara. Ni ba ɗan'uwansa ba ne. Akawun shige da fice ne ni a bakin iyaka, kuma da hannuna na rubuta abin da ya hana shi alƙalanci.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo, Jibiya ta cika ta batse. Aka yi ƙarin albashi, kowane ma'aikaci ya sayi babur, har masinjanmu da bai iya birki ba. Fetur ya yi arha a wajenmu, ya yi tsada a Maraɗi, saboda haka duro-duro ke bi ta daji suna tsallakawa. Mutanen gari kuwa ba su san wani littafin rubuta sunayen masu tsallakawa ba. Mai gona a can ya wuce, mai suruki a can ya wuce, iyaka a ɗaga mana hannu.

Malam Mu'azu kaɗai ke tsayawa. Mahaifiyarsa, Inna, tana wani ƙauye a ɓangaren Nijar, ta tsufa, idonta ya tafi. Kowace Asabar sai ya jingine babur, ya shigo ofishina, ya sa in buɗe littafi. Nakan tsokane shi cewa yana ƙarar mini da tawada a banza, tunda ko jandarmomin can, wato jami'an tsaron Nijar, sun san shi. Amsarsa ɗaya ce kullum, da harshensa na Katsinawa: "Rubuta mani suna, Akawu. Wanda za ya yanke ma mutane hukunci ba ya bin bayan doka." Sai mu sha shayi, ya wuce. Ina ƙaunar mutumin nan ƙwarai.

Da aka tashi naɗa sababbin alƙalai, sunansa na cikin waɗanda aka tura Kaduna. Kowa ya san ya cancanta. Sai ga mutum biyu cikin kaftani sun sauka ofishina, 'yan sandan ciki. Suka ce a ba su littafi. Na tambayi takardar kotu, babbansu ya yi murmushi, ya ce a mulkin soja ba sa bukatarta. Na miƙa. Kaicona, har ni na taya su buɗe shafukan, ina alfahari da tsabtar aikina. Sunan Malam Mu'azu ya fi na kowa fitowa, don shi kaɗai ke bayarwa.

Suka ɗauki yawan tsallakawarsa abin zargi, aka cire shi. Kujerar ta tafi ga wani da duk gari ya san yana da hannu a duron fetur, amma fayil ɗinsa fes, tunda daji ba shi da akawu. Malam ya je Kaduna neman dalili, aka ce rahoton sirri ne, ba a nuna wa mai shi. Wani ya ja shi gefe ya ce ya daina tsallakawa shekara guda, za a sake dubawa.

Ya daina. Yana aika wa Inna hatsi da sabulu ta hannun 'yan kasuwa, ita kuma tana aiko da tambayar laifin da ta yi masa. A wata na tara aka zo da saƙon tana kwance. Kwana biyu yana juyayi. Na same shi a gida na ce ya bi ta daji, ko ya wuce ta gabana in kau da kai. Ya dube ni ya ce, "In na bi ta daji, abin da suka rubuta ya zama gaskiya." A rana ta uku ya zo ofis, ya sa na rubuta shi. Ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Ba a naɗa shi ba a shekarar, ba a naɗa shi ba har ya yi ritaya. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A da sai an turo mutum biyu da mota kafin a karanta littafina. Yanzu littafin yana aljihun kowa. An ɗauki hoton yatsunmu, an haɗa da layin waya, ana iya sanin wa ka kira da inda ka kwana. Ana ce mana don tsaro ne, amma mutanen Bugaje da Kusa da 'yan bindiga suka kora sun san ko hakan ya mayar da su gonakinsu. In an saurare ka bisa zalunci, wurin alƙali za ka kai ƙara. Shi kuma alƙalin sai da ya tsallake rahoton masu sauraren kafin ya hau kujera. Ban ga ta inda talaka zai fita ba.

Ina jin Malam zai ce a ci gaba da tsayawa a rubuta suna. Ni na kasa faɗin haka. Kwanan baya jikata, lauya ce, ta gaya mini an saka sunanta cikin masu neman kujerar majistare. Tana da ƙawa 'yar jarida da suke waya kullum tun suna makaranta. Ta nemi shawarata.

Abin da ya rage na maganar alƙalancin Malam Mu'azu a duniya biyu ne: fayil a wani ɗakin ajiya da ke cewa shi abin zargi ne, da ni da na san ƙarya ne. Fayil ɗin zai fi ni daɗewa. Na dubi jikata, na tuna da shi jingine da babur a ƙofar ofishina, sannan na ce mata ta daina kiran yarinyar nan sai an gama naɗi. Allah ya jiƙan Malam, ya kuma yafe mini.