Ranar da na kai mahaifiyata bakin iyaka

Shekarun baya, lokacin korona, ƙanwar mahaifiyata ta yi shirin dawowa wurinmu Dutse. A Barno ta yi aure. Da rikici ya ci garinsu aka kashe mijinta, ita kuma ta gudu Nijar, ta shekara biyar a sansanin 'yan gudun hijira. Inna muke ce mata.

Tana hanya aka rufe iyaka. Ta kira ta ce ga ta a tsallaken Maigatari, an hana su shigowa.

Ni kuwa a lokacin ina aji uku a karatun lauya, ji nake duk Jigawa babu mai ilimina. Na ce wa mahaifiyata ta kwantar da hankalinta, babu dokar da ta hana ɗan ƙasa shiga ƙasarsa. Na ɗauke ta muka tafi, har da littafina a hammata.

Jami'in da muka tarar dattijo ne. Ya bar ni na gama zuba Turanci, sannan ya ce gaskiyata ce, amma ina shaidar cewa 'yar ƙasa ce? Takardunta kuwa sun ƙone tare da gidanta.

Mahaifiyata ta ce, "Ranka ya daɗe, nono ɗaya muka sha. Ni ce shaidarta."

Ya sunkuyar da kai, ya ce annoba ce, umarni daga sama yake. Iya abin da ya yi mana, ya bari suka hango juna daga nesa, kowacce da waya a kunne. Inna ta rame ƙwarai, amma dariya take yi, tana cewa yayarta ta tsufa.

Wani abokina ya ba da shawarar a ɗauko ta a babur ta cikin gonaki, kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi. Na ce a bi doka, sati biyu ne za a buɗe. Mahaifiyata ta yarda da ni, Inna ta koma sansani. Da damina zazzaɓi ya kama ta, can aka binne ta.

Yanzu lauya nake, na san hujjar rufewar, na san hujjar masu suka. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, cewa take kwanan Inna ne ya ƙare. Sai dai wani lokaci in muna hira takan tambaye ni ko na lura Inna tana ɗingishi a ranar da muka je iyaka. Ban lura ba. Littafina nake dubawa.