Rumfar da Ta Karkace

Jiya na ji ƙarar dagi a bakin layinmu a Dutsin-Ma, samari na haƙa ramin sandar fitila. Na girma, na aurar da 'ya'ya, amma har yau ina tsoron rami.

A ƙauyenmu can wajen Birchi, kakana kan sake rumfar ƙofar gida kowace bazara. Gwafanninsa tsawonsu ɗaya, saboda haka dole zurfin ramukan ya zo ɗaya, in ba haka ba rumfa ta karkace. A shekarar da nake ba ku labari, hannuna ne ma'auninsa. Zai haƙa, in kwanta rub da ciki in kwashe ƙasa, sai hammatata ta taɓa bakin rami a ce ya isa. Ina ta taƙama, don ya ƙi hannun yayyena ya zaɓi na “amaryarsa”.

Magariba ta yi saura rami ɗaya ba a ƙarasa ba, ya kwana a buɗe. Da safe na durƙusa a bakinsa, sai na ji motsi a ciki kamar ana goga busasshen ganye. Na ƙanƙame hannuna a ƙirji, na ce ba zan sa ba.

Kakana ya yi dariya. “Amarya, raguwa na aura ashe? Duba ki gani, ba komi ciki.”

Ya naɗe hannun riga ya zura nasa. Bai yi ihu ba, salati kawai ya yi. Kububuwa ce. Kafin a ɗaura wa shanu amalanke jini ya fara fita daga dasashinsa. Da aka tafi da shi asibiti, na bi su da gudu a hanyar Kurfi har kakata ta kamo ni, ina jin kamar tawa fatar aka sara.

Ya dawo bayan an yi shuka, yatsunsa a ƙandare, ba su ƙara riƙe dagi ba. Babu wanda ya yarda ya ƙarasa ramin, haka aka kafa gwafar, ta fi sauran tsawo, rumfa ta karkace. A ƙarƙashinta ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, “Da wannan ɗan tsinken ne, da ba mu kai Kurfi ba.”

Yanzu da igiyar awo ake gwada zurfi. Duk da haka jiya sai da na leƙa waje na ce wa samarin su fara zura sanda. Suka yi dariya, irin tasa.