Motar da Kawu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Jiya a tashar Dakoro tsohon darektan Kawu ya miƙo mini hannu. Na sunkuyar da kai na wuce.

Aikin Kawu shi ne duba ko kamfanin asuransi, wato inshora, na bin doka. Da yatsa yake bin kowane layi, leɓɓansa na motsi. Wata rana ina bironsa, wato ofishinsa, ƙamshin shayi ya cika ɗakin, darekta ya ajiye masa takardar wata motar haya mai zuwa Azagor.

"Malam, sa hannu kawai, ta ƙanena ce."

"Ranka ya daɗe, ba a duba ta ba. Mutane za ta ɗauka, ba buhuna ba."

Wata bai cika ba aka kori Kawu. Da ya rasu, ranar ta'aziyya, darektan nan ya fi kowa yabon gaskiyarsa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya tsayar da ku biyu a gabansa.