Lukuman Mai Kafe da Layin da Ya Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2008, Allah ya karɓi ran Lukuman Garba, mai kafen intanet na kusa da tasha a nan Zuru. Motar da ya shiga zuwa Kontagora ce ta yi karo da babbar mota. An kawo shi gida da azahar, aka yi masa sutura kafin la'asar kamar yadda addininsa ya tanada. Ni ban ji ba sai washegari, da na dogara sandata na isa kafen, na tarar da ƙofa a garƙame. Mai shayin da ke gefe ne ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ba a faɗa maka ba?" Mai bayarwa ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Ni ne Haggai Dabai, tsohon malamin firamare. Matata ta rasu da daɗewa, idona ya yi rauni, ƙafafuna kuma sai da lallashi. Ba na cikin danginka, Lukuman, addininmu ma ba ɗaya ba ne, amma ka bari in faɗi abin da na sani game da kai.

Na koyar da kai kana ƙarami, sannan ka ɓace mini shekaru. Sai wata rana ka yi sallama a ƙofata, ka durƙusa ka gaishe ni, ka ce ka dawo daga karatu a Kaduna ka buɗe kafe. Ka ce kana so ka yi wa 'yan kasuwar garin nan shafuka a intanet don masu saye na nesa su san da su, kuma Turancina kake buƙata. Na yi zaton tausayina ka ji, don ka ga tsoho zaune ba mai leƙa shi. Har yau ina ganin akwai wannan a ciki, ko da yake ba ka taɓa nuna mini ba.

Aikinmu na farko na Madam Theresa Nwankwo ne, mai sayen man kaɗe a hannun matan Kanya da Sakaba. Na zauna na tsara mata dogon bayani, na fara da duwatsun Zuru da kyan daminarmu. Ka karanta, ka yi murmushi, ka ce, "Malam, a aji wannan ya ci na ɗaya. Amma ba wanda zai same shi." Ka zaunar da ni gaban kwamfuta, ka nuna mini injin bincike, wato wurin da mutum yake rubuta abin da yake nema a kawo masa jerin shafuka. Ka ce mai saye ba ya wuce 'yan shafukan da suka fito a sama, kuma injin yana duba kalmomin da mai nema ya rubuta ne, ya ga wane shafi ke ɗauke da su. Saboda haka kafin a rubuta komai sai a tambayi kai: wanda bai san mu ba, me zai rubuta?

Madam ba ta yarda ba da farko. Ta ce, "Kai Lukuman, sunan shagona fa? Sa shi sama, babba-babba, da ayar Baibul a ƙasa!" Ka ce, "Madam, mutumin Legas bai san kina duniya ba, balle ya nemi sunanki. Man kaɗe yake nema. Bari ya shigo tukuna, sai ya ga aya." Ta tafi tana cewa yaran zamani ba su da kunya. Da wani mai yin sabulu daga Ibadan ya turo mota aka loda masa kaya, ita ce ta aiko maka da kaza.

Mutanenmu sun ɗauki shafi kamar allon bakin shago ne, a yi masa fenti sau ɗaya a manta. Ka sha faɗa musu cewa shafin da ba a taɓawa nutsewa yake yi ƙasa. Ba su ji ba, sai ka ɗauki nauyin a kanka. Kana hawa babur ka bi masu riɗi da masu zuma da mai masaukin baƙi, ka ɗauko sabon hoto da sabon farashi. Kana roƙon ƙungiyoyin 'yan Zuru na Kaduna da Legas su ambaci shafukanmu a nasu, don ka ce injin yana girmama wanda wasu suka yi nuni da shi. Da wasu suka zo da dabarar maimaita kalma ɗaya barkatai don a yaudari injin, ka ƙi, ka ce wannan yayi ya wuce, yanzu ture irin waɗannan ake yi. Kana yawan cewa wata rana intanet zai koma cikin wayar hannu, kafe ya mutu, kuma ba ka damu ba in dai an san da garin.

Yawancin 'yan kasuwar nan ba sa son baƙo ya kira su da Turanci. Shi ya sa ka sa lambar wayarka a kan kowane shafi, kai ke amsawa, kai ke kai saƙo. Dukanmu mun ga sauƙin haka. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin ranar da ba ka nan.

Akwai shafi ɗaya da ba na kasuwanci ba. Ɗana Ebenezer soja ne, kamar yawancin samarin ƙasar Zuru. Ya tafi Saliyo aikin kiyaye zaman lafiya a 1998, bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba. Wani abokinsa ya ce ya mutu a daji, wani ya ce ya gan shi da mata a wani gari. Da na ba ka labarin, ka ce, "Malam, wanda ke nesa da gida, in ya shiga kafe, sunan garinsu yake fara rubutawa." Ka tambaye ni duk sunayen da Ebenezer zai iya tunawa: unguwarmu, cocinmu, makarantarsa, da Ɗanmarka, sunan da uwarsa kaɗai ke kiransa da shi don an haife shi a tsakiyar marka. Ka jera su a shafi da hotona, ka rubuta cewa mahaifinsa yana raye, ba ya fushi, ya kira lambar wayarka da ke shafin. Ka yi ta kula da shafin nan kamar na mai biya, har ya zama duk wanda ya rubuta Dabai sai ya ci karo da fuskata.

A watan Satumba ka zo gidana da rana tsaka, ko hula ba ka sa ba. Ka ce akwai inda kake ganin kalmar da ta kawo kowane baƙo shafi, da ƙasar da ya fito. Wani daga Saliyo ya rubuta Ɗanmarka Haggai, ya shiga, ya kuma dawo bayan 'yan kwanaki. Ka riƙe hannuna ka ce, "Kada ka sa rai da yawa, Malam. Amma wannan suna ba a kasuwa ake jin sa ba. Kunya ce ke riƙe shi. Zai kira."

Bayan an yi addu'ar bakwai, dangi suka raba kayanka. Kwamfutoci suka watse gida-gida, wayarka kuma ta faɗa hannun baffanka Lawwali. Shi bai san komai game da shafuka ba. Ya cire layinka ya sa nasa, don a ganinsa layin mamaci ba shi da sauran amfani. Da na ji, na hau kabu-kabu, abin da na daɗe ban yi ba, na same shi a gida. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wayyo Malam, ai da na sani." Aka yi ta dube-dube har aka gano layin a cikin wani kwano, ya ba ni. Ban ga laifinsa ba, kuma na gode masa. Sai dai kwanakin da layin ya yi a kashe, ban san wanda ya kira a cikinsu ba.

Madam Theresa ta ba ni tsohuwar wayarta na sa layinka a ciki, tana kuma yi mini caji a shagonta. Wani masani da ta tambaya ya ce ba mai iya shiga shafukan ya gyara, domin kalmar buɗe su ta tafi da kai, kuma in lokacin sabunta su ya zo ba a sabunta ba, za su shuɗe gaba ɗaya. Bai san yaushe ba.

Wayar tana aljihun rigata yanzu. Takan yi ƙara lokaci-lokaci. In na ɗauka, sai in ji mai neman riɗi ko man kaɗe yana tambayar Mista Lukuman. In gaya masa ka rasu, in kwatanta masa shagon da zai nema. Wannan kaɗai nake iya yi maka.

Allah ya jiƙanka, Lukuman, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da alherin da ka yi wa wanda ba naka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka ƙanana, da baffanka Lawwali, da 'yan kasuwar Zuru da suka rasa mai magana da yawunsu. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Ni kuma ina roƙon Allah, in ɗana ne ya rubuta sunan nan, ya ba shi ƙarfin zuciyar kira tun shafin yana nan, tun kuma da sauran mai ɗauka. Amin.