Likitan da Ya Auna Ni da Ruku'u

Jiya a masallaci na ga wani dattijo yana salla a kan kujera, sai marigayi likitan gashin ƙashi na asibitin Birnin Kebbi ya faɗo mini a rai.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, bayana ya riƙe wajen dashen shinkafa a fadamar Zauro. Ciwon ya gangara ƙafar hagu, har na koma salla a zaune. Wasu na cewa shanyewa ce ta soma.

Da na je wurin likitan, na tarar ɗakinsa warin man zafi yake yi. Bai taɓa ni ba tukuna, sai ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Malam, gwada min ruku'unka." Haka yake yi wa kowa. Na sunkuya kaɗan na tsaya, zufa ta karyo mini. Sannan ya kwantar da ni, ya ɗaga ƙafar a miƙe har na cije leɓe, ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar gudumar roba, ya ja tsinke a tafin ƙafata yana tambaya ko na ji.

"Ƙahwarka ba ta da laihi," in ji shi. "Jijiya ce ta matse a baya. In Allah ya so, goshinka zai koma ƙasa."

Na yi ta zuwa wurinsa yana yi mini gashi. Kafin girbi na yi sujada a kan tabarmar nan tasa. Na daɗe ban ɗago ba, shi kuma bai ce in tashi ba.

Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi rabo cikin kowace sujadata.